Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Kwamfutar Kallo ta Falo da Kuɗi Kaɗan

Masu karatu a Maradi da kewaye sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: mutum na son kwamfutar da zai jona wa tele a falo, iyali su kalli fina-finai, wa'azi, bidiyon biki da YouTube, amma bai san wadda zai saya ba, kuma aljihun ba nauyi. Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, kwamfutar kallo ba ta buƙatar ƙarfi. Abin da take buƙata uku ne: furosesar (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ta san irin bidiyon yau, jiki marar ƙara da cin wuta, da kariya daga kuran ɗinmu da ƙurarmu. Ga yadda za ka bi.

1. Fara da telen da ke gidanka

Kafin ka taka ƙafa kasuwa, juya telen ka duba bayanta. Rubuta lambar samfurinta, ka ƙirga ramukan HDMI, ka duba ko ɗaya na ɗauke da rubutun ARC, wato mai fitar da sauti zuwa bafil, ko akwai ramin sauti na haske da aka rubuta Optical. Ɗauki hoton bayan da wayarka.

Sai ka gano ainihin kaifin hotonta. Yawancin tele masu inci 32 suna tsayawa ne a 1366×768. Masu 1080p suna da 1920×1080, masu 4K kuma 3840×2160. Idan telenka ba 4K ba ce, cire maganar 4K daga lissafinka gaba ɗaya. Ko da 4K ce, mai zaune nesa da mita 3 daga tele mai inci 43 da wuya idonsa ya bambance ta da 1080p mai kyau.

Gargaɗi: rubutun da ke jikin kwali ba hujja ba ne. Akwai telen da ke karɓar hoton 4K amma gilashinta bai kai ba. Nemi lambar samfurin a intanet.

2. Raba kuɗin kafin ka fita

Farashi na motsi da canjin naira da kuma hanyar da kayan suka biyo, don haka riƙe kaso maimakon adadi. A kowace jikka 100 da ka ware, kada kwamfutar kanta ta ci fiye da 55 zuwa 60. Ajiye 15 don diskin ajiya, 15 zuwa 20 don kariyar wuta, sauran 10 na wayoyi da telekomandi. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba kuɗin duka a kan na'urar, sai a dawo gida a soka ta kai tsaye a bango.

Idan kana kwatanta farashin Maradi da na Kano, ƙara kuɗin mota da wahalar mayar da kaya in sun ba da matsala. Ragin jikka 5 bai kai darajar mai shagon da za ka iya komawa wurinsa da ƙafa ba.

3. Furosesa: duba zubi, kada suna ya ruɗe ka

Nan ne aka fi asara. Mai shago zai ce maka "i7 ce", ya ɗora kuɗi. Amma i3, i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya. Abin da ke nuna shekarun furosesa shi ne zubinta, wanda masu sayarwa ke kira jenerasiyo, kuma yana nan a lambar farko bayan ɗan layin, ko lambobi biyun farko daga zubi na 10. i7-3770 zubi na 3 ce, ta 2012. i5-6500T zubi na 6. i3-7100T zubi na 7. i5-10500T zubi na 10.

Dalilin damuwa da zubi: fim na zuwa ne a matse, kuma cikin furosesar Intel akwai wani sashe na musamman mai warware shi ba tare da wahala ba. Idan sashen ya san irin matsewar, fim zai tafi sumul, na'ura na sanyi. Idan bai sani ba, furosesar ce za ta ɗauki nauyin da ƙarfin tsiya, fanka ta yi ta ihu, hoto na tsalle.

Tun zubi na 2 sashen ya iya H.264, tsohuwar matsewar da har yanzu take ko'ina. Zubi na 6, na 2015, ya ƙara H.265, wanda ake kira HEVC, amma na 8-bit. Zubi na 7 ne ya cika shi da HEVC na 10-bit da VP9 ɗin da YouTube ke amfani da shi. AV1, sabuwar matsewar, sai daga zubi na 11. Yawancin fina-finan da ake turawa a kile yanzu masu ƙaramin nauyi, waɗanda ke da x265 a sunansu, HEVC ne, da yawa kuma 10-bit.

Saboda haka i3-7100T ta fi i7-3770 amfani a falo, nesa ba kusa ba. Ko Pentium G4560, wadda ita ma zubi na 7 ce, tana yin aikin. Idan kuɗi ya ba da dama, hau zubi na 8 kamar i3-8100T ko i5-8500T, domin daga nan ne Windows 11 ke karɓar furosesa a hukumance. Zubi na 6 zai wadatar in telenka 1080p ce, amma fim na 4K mai 10-bit zai jigata shi.

Harafin ƙarshe ma magana ne. T na nufin mai cin wuta kaɗan, wat 35 a maimakon 65, kuma ita ake so.

Gargaɗi: Intel mai F a ƙarshe, kamar i3-10100F, ba ta fitar da hoto sai an ƙara mata katin hoto daban. A ɓangaren AMD, tsofaffin Ryzen na tebur ma haka suke in ba su da G. Nemi irin 2200G, 3200G, 5600G ko Athlon 3000G.

4. Zaɓi gangar jikin

Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin kuɗi ita ce ƙaramar kwamfutar ofis ta okaziyo, wadda ba ta fi littafi mai kauri girma ba. Masu zubi na 6 ko 7 su ne Dell OptiPlex 3050, 5050 da 7050 Micro, HP EliteDesk 800 G3 Mini, da Lenovo ThinkCentre M710q da M910q. Masu zubi na 8 sun haɗa da OptiPlex 3060 da 7060, EliteDesk 800 G4 da ThinkCentre M720q. An ƙera su don aikin wuni guda a ofis, cajarsu a waje take kamar ta kwamfutar hannu, kuma lokacin kallon fim abin da suke ja bai cika wuce wat 10 zuwa 20 ba.

Gargaɗi: samfuri ɗaya na iya zuwa da zubi biyu. OptiPlex 7050 na zuwa da i5-6500T, tana kuma zuwa da i5-7500T. Sai an kunna za a sani.

Hanya ta biyu ita ce sabuwar ƙaramar kwamfuta mai Intel N100, wadda ta fito a 2023. Tana warware har AV1, yawanci tana da HDMI 2.0, kuma cin wutarta ya fi na kowa ƙanƙanta. Ga mai tele 4K ko mai dogaro da panno, ita ce zaɓi. Rauninta, kamfanonin da ke haɗa ta sun bambanta a inganci, kuma kayan gyaranta ba su yawaita a nan ba.

Hanya ta uku, haɗawa da kanka daga kat-mer (babban allon da ake jona komai a kansa), furosesa, akwati da tukunyar wuta (mai raba wa kayan ciki wuta), kusan kullum ta fi tsada ga wannan aikin. Ka bi ta ne kawai idan kana son diski manya biyu ko uku a ciki, ko yara za su yi wasanni.

Mai tsohuwar kwamfutar tebur a ajiye kuma, zai iya farfaɗo da ita da katin GT 1030, mai cin wat 30, mai HDMI 2.0, wanda ya san HEVC da VP9. Tabbatar an ba ka gajeren ƙarfen ɗaurewa in akwatin siriri ne. Kada ka karɓi GT 710 a madadinsa don araha, bai san HEVC ba. Sai dai ka yi lissafin kanta: tsohuwar da ke jan wat 100, awa 5 kullum, ta ci kilowat-awa 15 a wata. Ƙaramar mai wat 15 ba ta kai kilowat-awa 3 ba.

5. RAM

RAM ita ce ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kuma giga 8 ya isa Windows da kallo. Giga 4 ya isa idan LibreELEC za ka sa, wato tsarin aiki na kallo kawai da ke maye gurbin Windows. 16 ɓarnar kuɗi ce a falo. Sanda biyu na giga 4 sun fi sanda ɗaya na giga 8, domin sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM yake ci, kuma sanda biyu na buɗe masa hanya biyu. N100 ce kaɗai wannan bai shafa ba, hanya ɗaya gare ta.

Ƙananan kwamfutocin nan na amfani da gajeren sanda irin na kwamfutar hannu. DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke bakinsu ba wuri ɗaya take ba. In ya ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi.

6. Diski biyu, kowane da aikinsa

Tsarin aiki ya zauna a SSD, wato diski marar juyawa, na giga 128 ko 256. Shi ke sa na'ura ta tashi cikin daƙiƙoƙi, kuma ba shi da ƙara. Fina-finai kuma su zauna a diski mai juyawa na tera 1 ko 2, wanda ya fi araha a kowace giga. Tera 1 zai nuna maka kusan giga 931, ba cuta ba ce, bambancin ƙirga ne. Idan fim ɗaya giga 2 ne, ya ɗauki fiye da 400.

Yawancin ƙananan nan na da ramin M.2 ɗaya da gurbin diski mai inci 2.5 ɗaya. Sa SSD a M.2, ka bar gurbin don ajiya. Buɗe murfin a shago ka ga ko mazaunin diskin da ƴar wayarsa suna nan, domin sau da yawa an cire su, kuma nemansu daban wahala ce. Wasu ramukan M.2 ba sa karɓar komai sai SSD irin NVMe, don haka a gwada a gabanka. Diski mai inci 2.5 na tera 4 ko 5 kaurinsa milimita 15 ne, ba zai shiga ba, sai dai a jona shi ta USB.

Gargaɗi: akwai kile da SSD na jabu masu nuna girman da ba su da shi. Kana zuba fim suna karɓa, daga baya ka tarar fayil sun lalace. Manhajar H2testw tana tona asirinsu. Kuma diskin ajiya ya kasance NTFS ko exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4.

7. Wayar hoto

Duba ramin da ke bayan kwamfutar da kyau. DisplayPort ya yi kama da HDMI, amma kusurwarsa ɗaya ce a yanke. Wasu, musamman HP, DisplayPort kaɗai suke da shi. Wannan ba matsala ba ce, wayar DisplayPort zuwa HDMI tana kai hoto da sauti. Amma hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta zuwa tele.

HDMI ɗin yawancin masu zubi na 6 zuwa 8 na 1.4 ne, yana ba da 4K a 30Hz kawai. Ga fim ya isa, tunda hotuna 24 ne a daƙiƙa, amma kibiyar linzami za ta riƙa jan ƙafa. Mai son 4K a 60Hz sai ya fita ta DisplayPort da mahaɗi mai aiki da kansa, wanda aka rubuta Active da 4K60 a jikinsa. Ga 1080p kuwa, kowace wayar HDMI mai lafiya ta mita 1.5 zuwa 3 ta wadatar, mai bakin zinariya ba ta ƙara kyan hoto.

Guji VGA. Ba ya ɗaukar sauti, hotonsa kuma bai kai ba.

8. Sauti

Mafi sauƙi, bar sauti ya bi HDMI zuwa tele. In kana da bafil ko amfili, fitar da shi daga telen ta ARC ko Optical, yadda duk abin da aka jona wa telen, har da dikodar, zai fita ta bafil ɗaya. Tsofaffin wufa masu ramin ja da fari kuma, wayar ƙaramin baki ta 3.5 zuwa ja da fari ce maganinsu. Idan ka ji gunji a bafil, soka kwamfutar da amfilin a ralanji ɗaya.

Gargaɗi: wani fim na magana, wani shiru? Galibi an kunna zaɓin Passthrough ne a manhajar kallo alhali telen ba ta san DTS, wani irin matsewar sauti, ba. Kashe shi, ka sa tashoshin sauti a 2.0. Wannan kuma na gyara matsalar kiɗa da ƙarfi, magana ƙasa-ƙasa.

9. Wuta: matakin da ba a tsallakewa

Kuran ɗinmu 220V ne, amma kowa ya san yadda yake faɗuwa da bazara lokacin da fankoki da kilim ke aiki, da yadda yake dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Wani abin da ke ƙara wa ƙananan kwamfutocin daraja shi ne cajarsu na karɓar 100 zuwa 240V, kuma in ta ƙone, caja kaɗai za ka canza.

Nemi cajar asali. Dell da HP na amfani da 19.5V, Lenovo 20V, kuma wat 65 ya isa furosesa mai T. Dell na tantance cajarta ta siririn tsinken da ke tsakiyar baki. In ba ta gane ta ba, sai ta rage gudun furosesa, ka yi ta zargin na'urar alhali cajar ce.

Jerin jonawa: bango, regilatar, ondular (mai riƙe wuta in an ɗauke), sannan kwamfuta da tele. Ondular mai 650VA na ɗaukar kusan wat 360, ya isa su biyun. Batirin da ke cikinsa ƙarami ne, yawanci 12V 7Ah, aikinsa ya ba ka mintoci ka kashe na'ura cikin natsuwa ko a tada gurup, ba ka ƙarasa fim ba. Wasu ondular na da regilatar a ciki, za ka ga an rubuta AVR. In kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi irin wannan. Kada a haɗa firij, dutsen guga ko abin dafa ruwa a layin.

Ga mai panno, lissafin haka yake. Kwamfuta wat 15, tele mai inci 43 kusan wat 70, bafil wat 15, jimla 100. Kallon awa 4 ya ci 400Wh. Batir na 12V 100Ah na da 1200Wh a rubuce, amma mai ruwa ko jel rabinsa ake ci in ana son ya daɗe, wato 600Wh, kuma inbata na cin nata kaso. Batir ɗaya ya riƙe daren, muddin ba a ɗora masa fankoki ba.

Gargaɗi: yawancin masu N100 na aiki da 12V, sai mutum ya ga kamar zai jona ta kai tsaye a batir. Batir na haura 14V lokacin caji. Sa ƙaramin mai daidaita 12V a tsakani.

Kayan da suka biyo ta Kano kan zo da kai mai ƙafa uku masu faɗi, alhali ramukanmu na zagaye ne. Canza wayar gaba ɗaya, ta fi ƴan mahaɗan nan masu sako-sako da ke tartsatsi. Tsohuwar tukunyar wuta mai jan maɓalli a baya kuma, tabbatar yana kan 230 kafin sokawa. In yana kan 115, nan take za ta ƙone.

Da damina, in hadari ya taso da walƙiya, kashewa ba ta isa ba. Zare filogi, ka zare wayar eriya ko ta faranti. Tsawa na shiga ta nan, ta bi dikodar da HDMI ta kashe ramin tele da na kwamfuta tare.

10. Gwaji a shago kafin biya

Tafi da kile mai ɗauke da fim ɗaya na H.264, ɗaya na HEVC 10-bit, da manhajojin VLC, CrystalDiskInfo da HWMonitor. Fara da BIOS, shafin saitin na'ura da ake shiga ta danna maɓalli lokacin kunnawa: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. A nan za ka ga ainihin furosesa da RAM. Idan ya nemi kalmar sirrin da mai shago bai sani ba, bar ta. Idan kwanan wata ya koma baya, ɗan batirin CR2032 ne ya mutu, a canza maka.

Kunna fim ɗin HEVC na minti 15, ka buɗe Task Manager. Aikin furosesa ya zauna ƙasa, sashen Video Decode na motsi. In furosesa ta haura 80 cikin 100, ba ta san matsewar ba. Zafi ya tsaya wajen digiri 50 zuwa 65. CrystalDiskInfo ya nuna shuɗi, in rawaya ne a canza diskin. Gwada kowane ramin USB, ka kasa kunne ga fanka ko tana gurnani. Tambayi Wi-Fi, domin da yawa daga ofis suka fito, ba su da shi. Ƙaramin kilen Wi-Fi ko wayar USB daga salularka na toshe wannan giɓin. A rubuta maka kwanakin garanti da lambar na'urar a takarda.

11. Tsarin aiki da telekomandi

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Mai zubi na 8 zuwa sama ya sa Windows 11 da manhajar kallo ta Kodi ko VLC. Mai zubi na 6 ko 7 da kallo kawai yake so, LibreELEC ya fi masa: kyauta ne, yana tashi kai tsaye cikin Kodi da manyan rubutu, kuma ƙwayoyin cutar Windows da ke yawo a kilen da aka kai wurin turi ba sa kama shi. Ya fi jituwa da hoton Intel da AMD fiye da katin Nvidia, kuma ba shi da burauza ta yau da kullum, don haka mai yawan shiga shafuka ya tsaya a Windows.

Telekomandin tele yawanci ba ya sarrafa kwamfuta. Sayi mai ɗan kile na USB, mai maɓallan rubutu a bayansa, ka duba ko AZERTY ne ko QWERTY don ka daidaita tsarin. Manhajar Kore a salula ma na sarrafa Kodi in suna kan Wi-Fi ɗaya.

In gefen hoto ya yanke, gyaran a tele yake: Just Scan a LG, Screen Fit a Samsung. Mai kallo ta intanet kuma ya kula da forfe, domin a ƙiyasin Netflix awa ɗaya ta HD na iya cin giga 3, ta 4K har giga 7. Saukar da YouTube zuwa 720p.

12. Mazauni, zafi da ƙura

A Afrilu da Mayu zafin Maradi na wuce digiri 40, da hunturu kuma hazo na shiga ko'ina. Kada ka rufe na'urar a cikin kabad mai gilashi, kada ka ɗora ta kan dikodar ko amfili, kada ta zauna a ƙasa kan darduma. Ba ta santimita 10 gaba da baya. Ƙyallen rufe ƙura yana da kyau, amma sai tana kashe, kuma a sanar da kowa a gidan haka.

Ranar da ka kawo ta, sa mai gyara ya goge tsohon man da ke kan furosesa ya sa sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. Bayan haka, kowane wata 3, da hunturu kowane wata, zare wuta, buɗe murfi, riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, ka hure ƙurar da ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Kada a hura da baki, kada a sa tsumma mai laima.

Saiti na ƙarshe yana cikin BIOS, inda ake zaɓar abin da na'ura za ta yi in wuta ta dawo: AC Recovery a Dell, After Power Loss a HP da Lenovo. Sa shi a Off. In an maido da kuran, jira minti 2 ko 3 ya daidaita, sannan ka kunna da hannunka.